Yadda ake tsara lokacin da kwamfuta za ta sabunta manhajojinta

A shekarun da na yi ina kula da kwamfutocin shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshi, ƙorafin da ya fi zuwa mini shi ne wannan: an buɗe shago da safe, kwastoma na tsaye da filashinsa a hannu yana son a fitar masa da takarda, an tayar da janareta, an kunna kwamfuta, sai ga ɗan zobe yana juyawa a allo an rubuta kada a kashe. Mai yana ƙonewa, kwastoma yana duba agogo, babu abin da za a iya yi sai zuba ido. Daga nan sai mai shago ya ce mini in toshe masa wannan sabuntawar baki ɗaya ya huta. Ba na yarda in toshe. Abin da nake yi shi ne in karɓe zaɓin lokaci daga hannun kwamfutar in damƙa wa mai ita, kuma shi zan nuna maka a nan. Zan yi bayani a kan Windows 10 da Windows 11 domin su ne a yawancin teburanmu. Sunayen maɓallan zan rubuta su yadda suke fitowa a allo don ka same su da sauƙi.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko wuta mai tabbas ta aƙalla awa ɗaya. Idan laftof ce, a cika batirinta kuma a bar caja a jone. Idan ta tebur ce, ka nemi UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke) ko inbata. In babu, ka tabbata janaretan yana da man da zai kai.

Na biyu filashi ko ma'ajiya ta waje da za ta ɗauke muhimman fayilolinka.

Na uku data wadatacciya, ko wurin da ake samun Wi-Fi marar ƙidaya. Sabuntawar wata-wata takan ci ɗaruruwan megabait, wani lokacin ta haura gigabait ɗaya.

Na huɗu lambar sirrin mai iko da kwamfutar, domin wasu saituna ba sa buɗuwa sai da ita.

Sai ɗan littafi da biro. Kada ka raina wannan. Ranar da firinta ta ƙi aiki, abin da za ka fara son sani shi ne yaushe aka yi sabuntawa ta ƙarshe.

1. Fara sanin kwamfutar da ke gabanka

Danna maɓallin Windows da harafin R tare, ka rubuta winver, ka danna Enter. Wata 'yar taga za ta nuna maka ko Windows 10 ce ko 11, da lambar zubinta, irin su 22H2 ko 24H2, da kuma ko Home ce ko Pro. Rubuta a littafinka.

Idan Windows 10 ce, ka sani Microsoft ta daina ba ta sabuntawar tsaro ta kyauta ga kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da ake kira ESU. Saboda haka idan kwamfutarka ta yi shiru ba ta neman sabuntawa, ba lafiya ba ce, yaye ta aka yi. Ka duba ko za ta iya ɗaukar Windows 11.

2. Raba aikin gida uku a ranka

Abin da muke kira sabuntawa ayyuka uku ne daban. Akwai saukowa daga intanet, wanda data yake ci. Akwai girkawa, wanda kan sa kwamfuta nauyi, fanka ta yi ta ƙara. Akwai sake kunnawa, wanda shi ne yake tsayar da aiki, kuma a nan ne ɗaukewar wuta take da haɗari, domin a lokacin ake musanya fayilolin da Windows ke tsaye a kansu. Kowanne yana da lokacin da ya dace da shi, kuma kowanne da inda ake saita shi.

Su ma sabuntawar ba iri ɗaya ba ne. Ta tsaro tana fitowa ranar Talata ta biyu a kowane wata, al'adar da Microsoft ta fara tun Oktoba 2003. Ana sakinta da ƙarfe goma na safe agogon yammacin Amurka, wato shida ko bakwai na yamma a Najeriya da Nijar, gwargwadon lokacin shekara. Shi ya sa safiyar Larabar da ke bin wannan Talatar ce ta fi zuwa wa masu shago da wannan matsala. Akwai ta gwaji da ke fitowa wajen ƙarshen wata, wadda ba dole ba ce. Akwai babba ta shekara-shekara da ke canza zubin Windows 11 ɗungurungum. Sannan akwai bayanan riga-kafin bairos, ƙanana ne, kusan kullum suke zuwa, kuma ba sa neman a sake kunna kwamfuta.

Hukuncina a kansu shi ne: bayanan riga-kafi a bar su su shiga duk lokacin da suka zo. Ta tsaro a ba ta kwana uku zuwa bakwai sannan a girka. Ta gwaji a ƙyale ta, domin abin da ke cikinta zai zo a ta wata mai zuwa bayan wasu sun gwada. Babbar ta shekara a jira wata biyu ko uku.

Dalilin 'yar jiran nan yana da tarihi. A Oktoba 2018 Microsoft ta saki babbar sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809, ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, har aka janye ta cikin 'yan kwanaki. Ranar 19 ga Yuli 2024 kuma wata sabuntawa ta kamfanin tsaro na CrowdStrike, wadda ke shiga da kanta, ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani. Amma dalilin da ya sa jiran ba zai wuce mako ba shi ma yana da nasa tarihin. Ranar 12 ga Mayu 2017 bairos ɗin WannaCry ya bazu a ƙasashe sama da 150, yana kulle fayiloli yana neman kuɗin fansa, ya tsayar da ayyuka a asibitocin Birtaniya da dama. Ƙofar da ya bi ya shiga, Microsoft ta riga ta fitar da maganinta tun 14 ga Maris na shekarar, wata biyu kafin nan. Waɗanda suka girka sun tsira. Waɗanda aka toshe musu sabuntawa don su huta, su abin ya ci.

3. Kama saukowa a hannunka

Yawancinmu da datar waya muke haɗa kwamfuta. Windows ba ta san cewa Wi-Fi ɗin da take gani daga wayarka yake fitowa ba, sai ta buɗe baki ta sha iya shanta. Na ga yaron shago ya sayi datar mako guda da safe, kafin azahar ta ƙare, shi kuwa wasiƙa biyu kawai ya tura.

Danna Windows da harafin I don buɗe "Settings". Shiga "Network & internet", zaɓi Wi-Fi, danna sunan hanyar da kake kai, ka kunna "Metered connection". Ma'anarsa ka gaya wa kwamfuta cewa wannan data ta ƙidaya ce. Daga nan za ta daina sauko da yawancin sabuntawa da kanta, sai 'yan ƙalilan da ake ganin sun zama dole. Wannan saiti na kowace hanya ne daban, idan ka haɗa da wayar wani gobe sai ka sake kunna shi a kanta.

Sannan ka je "Windows Update", ka shiga "Advanced options", ka tabbata "Download updates over metered connections" a kashe yake. A Windows 10, "Windows Update" yana ƙarƙashin "Update & Security".

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne mantuwa. Mutum ya kunna wannan saiti, ya ga data ta daina zurarewa, ya ji daɗi, shekara ta zagayo kwamfuta ba ta sami sabuntawa ko ɗaya ba. Idan ka kunna shi, nauyin dubawa ya dawo wuyanka. Haka kuma ka riƙa shiga "Windows Security", "Virus & threat protection", ka nemi sabbin bayanan riga-kafi da hannunka sau biyu ko uku a mako.

Idan kwamfutocinka sun kai uku ko fiye a kan Wi-Fi ɗaya, akwai abin da zai rage maka kashe kuɗi. A cikin "Advanced options" ɗin nan shiga "Delivery Optimization", ka yarda a sauko daga wasu na'urori, amma ka zaɓi na cikin gidanka kawai, wato "Devices on my local network". Abin da ɗaya ta sauko, sauran za su iya ɗiba daga wurinta. Kada ka zaɓi wanda ya haɗa da intanet, domin a nan kwamfutarka za ta iya tura wa baƙi fayilolin sabuntawa da datarka.

4. Gaya mata lokacin aikinka

A "Advanced options" na Windows 11 akwai "Active hours", a Windows 10 kuma yana babban shafin "Windows Update" da sunan "Change active hours". Sa'o'in da ka sa a nan, Windows ba za ta sake kunna kanta a cikinsu ba. Mayar da shi "Manually", ka sa daga lokacin buɗe shago zuwa lokacin rufewa, da ɗan ƙari. Iyakarsa awa 18. Ni nakan sa daga shida na safe zuwa sha biyun dare.

Sai dai a nan ne nake son ka tsaya ka fahimci abu ɗaya, domin shi ne tushen matsalar tamu. Waɗanda suka tsara wannan saiti sun ɗauka kwamfuta tana kwana a jone da wuta, ta yadda da tsakar dare, kowa na barci, za ta tashi ta gama abinta kafin gari ya waye. Mu kuwa da an tashi aiki ake kashe janareta, a zare soket saboda tsoron wuta mai ƙarfi idan an kawo ta cikin dare. Ke nan wannan daren da Windows ke jira ba ya taɓa zuwa. Aikin da ta tanada sai ya yi ta jira, har ya faɗo a daidai lokacin da ba a so. Saboda haka "Active hours" kariya ce kawai daga sake kunnawa ana tsakiyar aiki. Gama sabuntawar kuwa sai ka ware mata lokaci da kanka.

Kafin ka bar shafin, kunna "Notify me when a restart is required to finish updating" don ta riƙa sanar da kai. Kashe "Get me up to date", domin shi yana ba ta izinin sake kunnawa da gaggawa ko da a lokacin aikinka ne. A babban shafin Windows 11 kuma kashe "Get the latest updates as soon as they're available", wannan na masu son gwada sababbin abubuwa ne, ba na kwamfutar da ake cin abinci da ita ba.

5. Tsayar da rana ɗaya a wata

Ka duba kalanda, ka nemo Talata ta biyu, ka zaɓi rana a ƙarshen wannan makon. Wanne lokaci ne kasuwarka take sanyi? A wasu shagunan yammacin Juma'a ne, a ofisoshi safiyar Asabar. Ni na fi son awa ɗaya da rabi kafin tashi, ina zaune ina kallo, maimakon minti biyar kafin rufe ƙofa.

Don kada ta riga ka, ranar Litinin kafin Talatar ka shiga "Windows Update" ka danna dakatarwa ta mako ɗaya. Idan ranar da ka tsayar ta zo sai ka danna "Resume updates". Ana iya dakatarwa har mako biyar, kwana 35 ke nan, wanda yake da amfani idan ana cikin wani babban aiki kamar rajistar jarrabawa ko haɗa lissafin ƙarshen wata. Amma ka lissafa da kyau: idan wa'adin ya cika sabuntawar za ta taho, kuma ka'idar da aka saba da ita ita ce sai ka girka kafin a sake ba ka damar dakatarwa. Idan kana da babban aiki ranar 20, ka girka komai tun wajen 13, ka gwada, sannan ka dakatar. Kada ka dakatar tun wata guda kafin nan, wa'adin ya zo ya cika maka ana tsakiyar aiki.

Mai Windows Pro yana da wata hanya da ta fi wannan. Danna Windows da R, rubuta gpedit.msc, bi "Computer Configuration", "Administrative Templates", "Windows Components", "Windows Update", ka nemo "Configure Automatic Updates" (a Windows 11 yana cikin jakar "Manage end user experience"). Kunna shi ka zaɓi lamba 2, wadda ke sa ta sanar da kai kafin ta sauko da komai. Windows Home ba ta da wannan, mai ita sai ya dogara da saitin data ta ƙidaya da dakatarwa. Kada ka sauko da 'yan manhajojin da ke yawo a intanet da sunan toshe sabuntawa. Wasu na lalata saitunan yadda ko daga baya ka so girkawa ba za ta yiwu ba, wasu kuma ba ka san me aka cusa a cikinsu ba.

6. Ranar aikin

Fara da kwafe fayiloli zuwa filashi ko ma'ajiyar waje, sannan ka zare ta. Rubuta "Create a restore point" a wurin bincike, ka buɗe, ka danna "Create", ka sa masa kwanan wata. Idan maɓallin ya ƙi dannuwa, kariyar a kashe take, shiga "Configure" ka kunna ta tukuna. Wannan saitunan Windows yake adanawa, ba takardunka ba, don haka bai maye gurbin filashi ba.

Adana duk aikin da ke buɗe ka rufe manhajoji. Duba wuta. Idan kana kan wutar gari kuma babu UPS, gara ka koma janareta tun kafin ka fara, domin 'yan daƙiƙun da ake ɗauka wajen canza layi sun isa su kashe kwamfutar tebur.

Danna "Check for updates", ka bari ta sauko ta girka. Idan ta nemi sake kunnawa, danna "Restart now", ko ka zaɓi "Update and restart" a wurin kashewa. Na fi son wannan a kan "Update and shut down" saboda ina son in ga ta dawo har kan allon aiki da idona. Kashewa ta yau da kullum ma ba koyaushe take gama sabuntawa ba, domin Windows na da wani tsari na saurin tashi da ke hana ta mutuwa gaba ɗaya.

Yanzu sai haƙuri. Lambar da ke allo takan tsaya a kashi 30 ta daɗe, kwamfuta ta mutu ta taso sau biyu ko uku. Duk wannan daidai ne. Tsohuwar kwamfuta mai ma'ajiya irin mai juyawa takan ɗauki awa guda ko fiye. Idan akwai 'yar fitilar ma'ajiya a gaban akwatin kuma tana ƙiftawa, aiki ake yi, cire hannunka daga maɓalli. Wani mai shago ya taɓa kira na, ya ce ya ga ta tsaya minti ashirin sai ya danne maɓalli ya kashe, sau uku yana yi. Kwana biyu muka yi kafin mu ceto fayilolinsa, aikin da da ya je ya sha shayi ya dawo da ya tarar an gama. Ni sai an shafe awa biyu cur babu motsin komai nake tunanin kashewa.

Idan ta dawo, sake danna "Check for updates", domin wata sabuntawar ba ta bayyana sai an girka ta gabanta. Sannan ka gwada abubuwan da kake cin abinci da su: fitar da shafi ɗaya a firinta, gwada sikana, buɗe manhajar lissafi, duba sauti da intanet. Rubuta kwanan wata a littafi. Idan kwamfutocin suna da yawa, fara da guda ɗaya wadda ba ita ce uwar shago ba, ka ba ta kwana ɗaya tana aiki, sannan ka bi sauran.

Akwai nau'i ɗaya da nake ware shi daban, wato sabuntawar BIOS ('yar manhajar da ke tayar da kwamfuta tun kafin Windows ta fara aiki), wadda wani lokaci takan zo ta cikin "Optional updates" ko manhajar kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyarta, kwamfutar na iya ƙin tashi sam sai an kai ta wurin gyara. Kada ka taɓa ta sai da cikakken batiri ko UPS. Idan kuma ma'ajiyar a kulle take da BitLocker, ka nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48 daga asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda kafin ka fara.

7. Sauran manhajojin

Burauza ita ce ƙofar da ta fi fuskantar waje, don haka ba na sa ta jiran ƙarshen wata. Chrome da Edge suna sauko da sabuntawarsu a ɓoye, amma ba ta fara aiki sai an rufe burauzar an sake buɗewa. Mai barin shafuka talatin a buɗe mako biyu yana nan a kan tsohuwa. Idan ka ga alamar sabuntawa a kusurwar sama ta dama, gama fom ɗin da kake cikewa tukuna, musamman idan biyan kuɗi ne, sannan ka danna. Minti ɗaya ne, shafukanka kuma za su dawo.

Microsoft Office irin na zamani yana da nasa wurin: buɗe Word, shiga "File", "Account", "Update Options", "Update Now". Haɗa shi da ranarka ta wata-wata. Manhajojin aiki na musamman, kamar na lissafin kuɗi ko zane, idan suka tambaye ka a lokacin buɗewa ka ce sai anjima, ka girka bayan ka gama aikin da ke hannunka kuma ka adana kwafi, domin sabon zubi na iya canza fayil yadda tsohon ba zai sake buɗe shi ba.

Ka kiyayi saƙon da ke faɗowa daga cikin wani shafin intanet yana cewa burauzarka ta tsufa, danna nan ka sauko. Tarko ne. Sabuntawar gaskiya daga cikin saitunan manhajar take fitowa.

8. Idan babu intanet mai ƙarfi, ko abu ya ɓaci

Kwamfutar da ke inda sabis ba shi da ƙarfi ana iya kai mata sabuntawa a filashi. Je inda intanet ke da kyau, buɗe shafin Microsoft Update Catalog, nemi sabuntawar watan da ta dace da zubin da winver ya nuna maka, ka sauko da ita. Idan shafin ya ba ka fayil fiye da ɗaya, kwashe su duka. Ka kai, ka danna sau biyu, ka bi sauran matakan na shida.

Idan bayan sabuntawa firinta ta daina aiki ko kwamfuta ta rikice, shiga "Windows Update", "Update history", "Uninstall updates", ka cire wadda kwananta ya yi daidai da na littafinka, sannan ka dakatar da sabuntawa na mako ɗaya ko biyu don kada ta dawo da ita kafin a gyara. Idan babbar ta shekara ce, kana da kwana goma ka koma tsohon zubi ta "Settings", "System", "Recovery", "Go back". A cikin kwanakin nan kada ka goge jakar da ake kira Windows.old don neman fili, ita ce hanyar komawar.

Idan kuwa ta ƙi tashi gaba ɗaya, bayan ta gwada sau biyu ko uku ta kasa takan kai kanta shafin gyara mai shuɗin allo. A can zaɓi "Troubleshoot", "Advanced options", "Uninstall Updates", ka fara da cire ƙaramar ta ƙarshe. In bai yi ba, koma wurin ka zaɓi "System Restore", ka ɗauki wanda ka ajiye da kwanan watan ranar aikin.